Igiyar da Ajuma ta Kitsa

A kasuwar Dogon Dutsi, in ka ce Ajuma Mai Ƙwai, ko baƙon jiya zai nuna maka rumfarta. 'Yar Kiyeshe ce, aure ya kawo ta, mijin ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya da sana'a ɗaya. Da damina ta kankama sai ta bi ƙauyuka har Ɗan Kassari tana sayen ƙwan zabi, ta jera shi cikin ƙaiƙayin gero, ta ɗora wa jaki. Ba ta da fara'a, ba ta da ragi, amma ba a taɓa jin ƙwai ya fashe mata ba. Dokarta guda ce: abin da ya yi motsi a cikin kaya, shi ke fashewa.

Ɗan nata, Mahmuda, malamin lekwal ne, wato makarantar boko. Shekarar da ƙasa ta sami 'yancin kai ya dawo daga Yamai da tsohon akwatin ɗaukar murya, wanda ake kira manyeto, ya saye shi hannun wani Bature mai komawa gida. Daga nan ya hana kowa sakat. Ya ɗauki masu goge, ya ɗauki kukan jakin uwarsa, ya ɗauki kansa yana tsokanarta: "Inna, ko ni ba a yi mini ragin ƙwai guda?" Burinsa a duniya ya je Faransa karatu. Sanƙarau bai jira ba, wata bazara ya ɗauke shi.

Ajuma ba ta yi kuka ba. Mata suka ce taurin zuciya ne, su da bakinsu bai gajiya. Ita dai tana zuwa kasuwa, tana dawowa, tana cin tuwo ba ta jin gishirinsa. Sau ɗaya Malam Umaru, abokin aikin mamacin, ya kunna mata akwatin. Muryar Mahmuda ta fito tana ja kamar ta mai magagi, don batiran sun yi sanyi, irinsu kuma babu a garin. Ta ce a kashe.

Ana nan sai Sanusi, abokin Mahmuda da ke karatu a Faransa, ya aiko yana son sayen akwatin. Ya ce can akwai masu gyara, kuma zai riƙa jin muryar abokinsa. Ajuma ta yarda nan take. Tunda mai muryar bai je ba, gara muryar ta je, ta kuma isa lafiya.

Hanyar ba ta wasa ba ce: babbar mota zuwa kudu, sai jirgin ƙasa, sai jirgin ruwa daga Kwatano. Umaru ya ce a kira kafinta ya rufe akwatin da katako. Ajuma ta ce kafinta bai taɓa kai ƙwai kasuwa ba. Ta shanya ƙaiƙayi, ta cuɗa shi da toka saboda gara, ta naɗe akwatin da rigar Mahmuda, ta zaunar da shi cikin babban kwando. Ta girgiza, ta kasa kunne. Wani abu ya yi ƙwal-ƙwal.

Wasu 'yan ƙafafu biyu ne kamar na keke a saman akwatin, masu juyawa in yana magana, da wani siririn zare mai faɗi, ruwan ƙasa, naɗe a jikinsu. Ta cire su, ta warware zaren, ta naɗe kowace ƙafa da tsumma ta cusa a gefe. A ganinta muryar tana can cikin akwatin, inda take fitowa. Zaren kuwa ya yi tuli a tabarma, ita kuma ba ta iya asara ba. Ta sa wuƙa ta yanka shi kashi-kashi, ta murɗa, ta kitsa igiya mai sheƙi. Ta rufe kwandon da fatar akuya, ta ɗaure da igiyar rama, ta bi da sabuwar. Ta sake girgizawa. Shiru.

Da hantsi ta kai kayan tasha. Umaru ya zagaya kwandon yana yaba aikin, har hannunsa ya kai ga igiyar. Ya shafa ta, ya sunkuya ya duba.

"Inna, ina kinka samu igiyag ga?"

"Ga jikin akwatin. Motsi takai, na hidda ta."

Ya zauna a kan wani buhu. "Inna, muryar ba cikin akwatin take ba. Ga zaren ga take."

Ajuma ta dubi igiyar. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, ba abin da ya zo.

"Ba a warware ta?"

"Kin yanka ta, Inna. Kin murɗe ta."

Ta sa yatsa a kan kitson. "Wane wuri na shike kirana?"

Umaru ya bi igiyar da ido tun daga ƙullin farko har na ƙarshe. "Ban sani ba," ya ce, hawaye na zubo masa.

Direba ya leƙo ya tambaya, a ɗora ko a bari?

"A aza shi," in ji Ajuma. Ta juya wajen Umaru. "Ka aika ma Sanusi. In ya kwance kayan, kada shi yada igiyar."