Ruwan da Na Ɗebo a Trikania

Jama'a, wannan abin a kaina ya faru, wallahi ba ji na yi an ce ba, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse ƙasa. Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a ina karanta kimiyyar sinadarai, aka ba ni furojet na auna dalma a ruwan rijiyoyin unguwar Trikania, ita dalmar nan guba ce, in yaro yana shanta a ruwa a hankali take cinye masa ƙwaƙwalwa. Akwai wani inji a lab ɗinmu da ke zuƙar ruwa ta siririn tiyo ya fesa shi cikin harshen wuta, sai lamba ta fito a kwamfuta ta gaya maka yawan dalmar. Ni kuwa a lokacin ji nake duk ajinmu ba wanda ya kai ni iya shi, har wani taku nake yi.

To ranar ɗiban ruwa, da rana tsaka, ina bi gida-gida da robobina, na shiga wani gida na yi ta sallama shiru, sai ga wata tsohuwa a bakin rijiya, gajeriya, da giɓi a haƙoranta na gaba, Hausarta irin ta mutanen Filato. Na yi mata bayani, ta ƙi ba ni guga, ita ta ja da kanta ta cika min roba, ta ce, "Ɗana, abin da injinku ya gani ka dawo ka faɗa, jikokina ke sha." Na ce to Mama, in sha Allah.

Da na kai ruwan nan inji, kai! Lambar ta yi sama yadda ban taɓa gani ba. Na wanke tiyo da tataccen ruwa, lamba ta koma sifili, na sake sa ruwan tsohuwar, lamba ta sake tashi. Ka'idarmu kuwa, in sakamako ya fita daban ba a yarda da shi sai an koma wurin an sake ɗiba, shi ya sa malamar da ke duba aikina, wata Dakta 'yar Binuwai da ba ta wasa, ta ce a motarta za mu je. A hanya sai zuba nake, ni na gano abu.

Muka shiga gidan, muka sami maigidan da matarsa da yara. Na nufi rijiya kai tsaye, sai na tsaya cak. An shafe bakinta da siminti, tsohon siminti har ya yi gansakuka, an ɗora turmi a kai. Maigidan ya ce ai ta ƙafe tun tuni suka toshe ta. Maimakon in yi shiru, sai na hau rantsuwa ina kwatanta tsohuwar, har giɓin nata. Matar ta fashe da kuka. Shi kuwa ya taso min, "Kai malam, uwata kake wa wasa? Ta rasu tun kafin a haifi wannan ƙaramin!"

Dakta ta juyo ta dube ni, a hankali ta ce, "Gaya min gaskiya, ina ka samo ruwan nan?" Wallahi na gwammace ta mare ni. Ga maƙwabta sun leƙo ta katanga, ga yara suna kallona, an ɗauke ni maƙaryaci mai ƙirƙirar sakamako.

Har mun juya za mu fita, Dakta ta tambayi matar to yanzu ina suke shan ruwa. Ta nuna wani duro a gindin bango, wai a wurin masu fasa tsofaffin batir suna cire dalmar ciki suka saya da araha, a ciki suke tara ruwan 'yan garuwa. Dakta ta ɗibi ruwan duron da hannunta, ita ta kai inji, ni ina tsaye a baya kamar ɓarawon da aka kama. Lambar da ta fito ita ce dai ta robata, ba ƙari ba ragi. Ni kuwa ko ganin duron nan ban yi ba a zuwana na farko.

Aka kai yaran asibiti, aka sami dalma a jininsu, aka fara magani. Bayan nan maigidan ya biyo ni har makaranta wai zai ba ni haƙuri ya yi godiya, ina hango shi na shige bayan gida na kulle, don ban san da wace fuska zan karɓi godiyar abin da ba ni na yi ba. Dakta kuma har na gama ba ta ƙara tayar da zancen ba, sai dai ta daina haɗa ido da ni.

Ni dai shawarata, ku duba abin da kuke zuba ruwan yaranku a ciki. In kuma wani ya miƙo muku abu a gidan da kuka yi sallama ba a amsa ba, ku tambayi sunansa kafin ku karɓa.