Sabarar Bakin Rafi

Kakata ba ta tatsuniya hannu sake. Bayan tuwo, a gidanmu na Zuru, sai ta matso kusa da murhu ta ɗauki mazarinta tana kaɗin auduga, mu kuma mu kewaye ta.

"Ga ta nan tafe, in kun rufe baki."

Wai ranar da aka raba halittu dangi-dangi, Sabara ta je wurin itatuwa, suka ce ta cika gajarta. Ta koma wurin ciyayi, suka ce ai ita mai itace ce. Mazari kuwa tsuntsaye suka kore shi don ba shi da gashi, ƙudaje suka ce ya yi musu tsawo.

Mazari ɗaya na sani a lokacin, wanda ke hannunta.

"Kaka, riƙe shi da kyau kar ya tashi!"

Ta yi dariya har zaren ya tsinke. "Kai wannan mijin nawa da fargaba! Ba wannan ba, ƙwaron bakin rafi mai fukafukai huɗu."

Da su biyun suka rasa dangi, suka ga in ɗayansu ya ɓace ba mai cigiya. Sai suka yi alkawari kowace damina Mazari zai sauka kan reshen Sabara, kowa ya ga ɗan'uwansa yana nan.

Bana ƙanena ya matsa a tumɓuke sabarar da ta rage a bakin rafin gonarmu, ya ƙara kunya biyu na masara. Hankalina ya ƙi kwanciya. Karatuna a firamare ya tsaya, don haka na je wurin maƙwabcina, malamin makaranta. Na tambaye shi game da sabara da mazari, ya ce masana sun ba kowannensu dangi tuni, ita cikin tsirrai, shi cikin ƙwari. Suna da jerin abubuwan da ake tsoron ƙarewarsu. Sabara ba ta ciki. Mazari kuwa iri-iri ne: wasu na ciki, wasu ba a ma san halin da suke ciki ba.

"Namu na rafin nan fa, wane iri ne?"

Bai sani ba.

A da na ɗauka zancen Kaka kan rashin dangi ne. Yanzu ina ganin kan wanda zai lura ne in an rasa ka, kuma a rafinmu ban ga mai lura ba sai ni.

Na ce wa ƙanena ya ɗauki kunya biyun daga ɓangarena.

"Yaya, saboda ƙwaro?"

Na ce masa e. Masarar gidana za ta ragu bana, kuma har yau ban san yadda zan faɗa wa matata dalili ba.