Innar Ciyawa

Shekarar da hannuwan Inna suka kumbura, har ɗaurin kallabi ya gagare ta, ita ce shekarar da jar saniyarmu ta nuna mana ba ta san kowa a gidan ba. Inna kaɗai ke tatsarta tun haihuwar fari. Na gwada, ta zubar da ni da ƙwaryar. Baba ya gwada, ya yi kwana uku yana salla a zaune. Da ya miƙe sai ya yanke hukunci: in ranar kasuwa ta zo ba a samu mai tatsarta ba, za a kai ta kara a sayar, kafin hantsar ta lalace. Inna kuwa, tuwon ranar ko taɓa shi ba ta yi ba. Saniyar nan daga gidan ubanta ta zo da ita.

Ana haka Yayana ya dawo daga cirani a Kano, da buhu a bayan moto. Injin tatsa ne, na hannu ya saya: bokitin ƙarfe, tiyo, da wasu kofuna huɗu masu bakin roba. Mu da saniya ɗaya tal! Wai ya ga inda ake jera shanu, injin ya tatse su kafin shayi ya dahu.

Ba kuran, wato wutar lantarki, a unguwarmu ranar, sai aka aro gurup, injin ba da wuta, wurin mai cajin waya. Ana tayar da shi kaji suka watse, saniya ta tsinke igiya ta bi hanyar Tsauni. Sai la'asar muka dawo da ita. Washegari aka kai gurup ɗin bayan katanga, aka yi mata dabaibayi, aka bar maraƙi ya ɗan tsotsa, aka maƙala kofunan. Injin ya yi ta shaƙa yana fitarwa, saniya tana tuƙa tana kallonmu. Ta janye nononta tsaf. Ko ɗigo.

"Ba injin take ƙi ba," in ji Yaya. "Inna take nema."

Daga nan hankalinsa ya tafi. Kowa ya san in maraƙi ya mutu, ana feɗe shi a cusa ciyawa cikin fatar, a ajiye gaban uwar ta lasa, sai ta saki nono. To, Yaya ya ce abin da ake yi wa maraƙi shi zai yi wa mai tatsa. Ya cika buhu da ciyawa, ya ɗaura masa zanen Inna mai warin man shanu, ya kifa ƙwarya a sama ya naɗa mata kallabi. Ni kuma, Allah ya yafe mini, ni na sato zanen, ni na zana idanu da gawayi. Har murya muka yi mata: Yaya ya laɓe bayan buhun yana maƙe wuya yana "haba 'yar albarka, haba ta gidanmu," da gemunsa da komai.

Saniya ta juyo ta shinshina, ta sa harshe ta zaro ciyawa daga cikin Innar, ta hau ci. Maƙwabta da ke leƙe ta katanga har da masu faɗuwa don dariya. Ni ma ina dariyar, sai na ji an yi tsit.

Inna ce tsaye a bakin ɗaki, hannuwanta a naɗe da tsumma. Ta dubi buhun ta daɗe.

"Yaushe na rasu," ta ce, "ba a gaya mini ba?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Sai a lokacin na tuna ba a cusa ciyawa sai a fatar wanda ya mutu. Yaya ya fara "Inna, ki yi haƙuri," ta ce ya ɗauke mata wannan abin daga gani. Ta ja kujerarta ta zauna, ta jingina goshi a jikin saniyar kamar kullum, ta yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta ce da Yaya, "Kunna tsiyar taka." Nono ya taho ta tiyo, fari fat, har bokitin ya yi kumfa.

Ba a kai ta kara ba. Shekara biyu haka ake tatsa a gidanmu: injin na aikin hannu, Inna na zaune da goshinta, tana zagin ƙarar gurup.

Washegarin ranar da aka kai Inna makwancinta, hantsa ta cika, saniya tana ta kuka a turke. Zanen yana rataye a igiya. Yaya ya dube shi, ya juya ya fita. Ni na ɗaura shi, na ja kujerar, na sa goshina inda take sa nata. Saniyar ta shinshine ni tun daga kai har ƙafa, kuma na san ba ta ruɗu ba. Duk da haka ta saki nonon, ina kuka yana zuba.