Kabejin Baba Kofur

Ƙarfe biyar saura kwata na fita daga gida, ranar Asabar, a tsakiyar bazara. Dalilin tafiyar mahaifina ne, tsohon soja, wanda kowa ke kira Baba Kofur. Kwana tara ke nan tuwo ya ƙi wuce masa maƙogwaro. Abu ɗaya ya roƙa: ɗanyen kabeji da karas, irin wanda ya ci a barikin Jos yana saurayi.

Shago ɗaya gare mu a ƙauye. Tumatirin gwangwani, magi, sabulu, biskit da ya sha rana. Mu ne manoma, amma idan rafi ya ƙafe, ganye sai busasshe. Da, tsohuwata tana da lambu a bakin rafin nan, alayyafo har gwiwa. Yanzu yashi ne.

Danko

Mashin ya kai ni cikin minti arba'in, naira ɗari. Na jira aka buɗe shaguna, na shiga uku. Mai na ukun ya yi dariya.

“Kabeji? Kawu, nan ko albasa sai ran kasuwa. Wa za ya saye? Kwana biyu ya ruɓe mini.”

Na hau akori-kura zuwa Zuru. Ba ta cika ba sai takwas da rabi. A shingen 'yan sanda ɗaya muka tsaya, suka leƙa buhuna, suka ɗaga ƙarfe. Direba ya ji abin da zan nema, ya ce, “Manomi za shi birni sayen ganye. Duniya ta zo ƙarshe.” Na ce ya dubi hanya.

Zuru

Goma da kwata muka sauka. A kasuwa babu kabeji, an ce motar Jos ba ta zo ba. Wani mai lemo ya tura ni unguwar Rikoto, wurin wata dattijuwa mai tebur a ƙofar gida. Ƙwallo biyu suka rage mata, ɗaya ya fara yaushi.

“Biki za a yi?”

“Tsoho ne ba lafiya, Mama.”

Ta zaɓa mini mai kyan, da karas shida, duka ɗari da hamsin. Ta jiƙa tsumma ta naɗe, ta ce kada in kuskura in ɗaure a leda. Na sha kunu da ƙosai a tasha, na juyo ƙarfe ɗaya.

Gida

A kan cinya na riƙe shi duk hanya, ina yayyafa masa ruwan da na saya don kaina. Huɗu da rabi na iso. Na miƙa wa matata Rifkatu, na ce, “Na Baba ne,” na tafi wanka.

Na fito na ji ƙanshin daddawa. Ta yanka shi duka, har karas ɗin, ta zuba kanwa, yana tafasa kamar miyar yakuwa.

“Rifkatu, ɗanye ake ci.”

“Ɗanye? Baba akuya ne?”

A ina za ta taɓa ganinsa? Shekararta talatin da wani abu, ba ta wuce Danko ba.

Na kai masa a kwano. Ya daɗe yana kallo.

“Wanga ne ka je Zuru dominsa?”

“Shi ne, Baba.”

Ya sha cokali uku, na farko cikin kwana tara. Ya ce, “Can da sanyi yake. Kana tauna kana jin ƙararsa cikin kunne.” Ya miƙo kwanon, ya ce in gaya wa Rifkatu gishiri ya yi daidai.

Na gode Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa dattijuwar Rikoto. Cokali ukun nan ma na gode.