Kafar da Na Toshe a Gidan Inna

Tsakanin gidanmu na ƙauye da gidan Gwaggo akwai wata kafa a jikin katanga. Ba ƙofa ba ce, don ba ta da ƙyaure, kuma babban mutum sai ya sunkuya yake iya wucewa. Na tashi na same ta, gefenta har ya yi santsi saboda yawan dafawa. Ta nan garwashi yake wucewa da safe, ta nan ake miƙa gishiri da daddawa, ta nan labarin haihuwa yake riga kowa isowa. Gwaggo ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Matar maƙwabcinmu ce, shekara ɗaya aka kawo su amare ita da Inna mahaifiyata, suka tsufa tare katanga ɗaya a tsakaninsu. Ni ne na toshe kafar nan, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Lokacin ina koyarwa a Kankia, nakan hau babur in je ƙauyenmu da ke bayan Kusada duk ƙarshen mako biyu. Ƙanena ya tafi cin rani kudu, gidan ya rage daga Inna sai matarsa. Ita matar ƙanen nawa ce ta kira ni wata Laraba da safe, ta ce an shiga gidan. An ɗauke tunkiyar Inna, an kwance faifan sola da batirinsa daga kan rufin ɗaki.

Gaskiya ba tunkiyar ce ta ƙona mini rai ba. Solar nan ni na saya, ni na kawo mai haɗawa tun daga Kankia, kuma duk wanda ya shigo gaishe da Inna sai ta nuna masa ƙwan fitila ta ce aikin ɗanta ne. Ina jin daɗin wannan fiye da yadda ya kamata babban mutum ya ji. Don haka na iso gida ina huci, na zagaya katanga hannu a baya, sai ka ce wani jami'in tsaro, ni da ko ɓera ban taɓa kamawa ba.

Inna ta biyo ni a hankali da sandarta. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini doguwar magana ido cikin ido. Ta tsaya nesa kaɗan, ta nuna bayan makewayi da haɓa.

"Ta can anka hauro," in ji ta. "Ga sawu nan, ƙasa ma ta zube."

Na duba, na ga sawun, na ga inda ƙasar katanga ta gutsure. Amma idona ya riga ya sauka kan kafar nan. Gwaggo tana da ɗa namiji da ya dawo daga birni ba aikin yi, yana yawan zama bakin tasha. Ban taɓa jin an ce ya ɗauki ko allura ba. Ban ce shi ne ba, ban furta ba, amma na yi abin da ya fi furtawa muni.

Kashegari na kawo bulo da siminti daga Kusada, na ɗauko magini. Muka ɗaga katangar baya, muka jera fasassun kwalabe a kanta. Na canza sakatar zaure, na sa ƙaton kwaɗo. Da yake sanyi ya fara shigowa kuma Inna tana fama da tari da ciwon gwiwa, na bi tagar ɗakinta na lulluɓe da leda mai kauri, na buga ƙusa, na cusa tsummoki ƙarƙashin ƙyaure, na liƙe tsagar bango da taɓo. Na hana ta kwana da kaskon wuta a ɗakin da aka rufe haka, na ba ta bargo biyu. Duk wannan ba ni da abin kunya a ciki. Da nan na tsaya, da yau ba na wannan rubutu.

Da muka zo kan kafar, magini ya ajiye cokalin gininsa. Dattijo ne, shi ya yaɓe yawancin ɗakunan unguwar.

"Malam, wagga ma?"

Na ce ita ce ma babba. Ta nan iska take kwararowa kai tsaye zuwa ƙofar Inna, kuma gidan da yake da hanya biyu ba shi da tsaro.

"An dai hwaɗa ma na can gidan?" ya tambaya. "Ka san tana takaba."

Na sani. Mijin Gwaggo ya rasu da kaka, ni ma na je ta'aziyya. Mace mai takaba ba ta fita waje sai ta cika wata huɗu da kwana goma, ko bakin zaure ba a ganinta. Amma a wajen matan unguwarmu bi ta kafar katanga ba fita ba ce, daga tsakar gida ne zuwa tsakar gida. Inna kuwa gwiwarta ba ta kai ta zagayawa, don ƙofar gidan Gwaggo a wani lungu take, sai an bi bayan masallaci an tsallake kwata. Na san duk wannan, ban dai tsaya na haɗa su wuri ɗaya ba. Na ce wa magini ya yi aikinsa.

Inna tana zaune bakin ɗakinta tana kallo. Da aka ɗora layin bulo na biyu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Iskan nan dai ba ta taɓa kashe kowa ba." Na yi dariya, na ce likita bai yarda da haka ba. Wata uwar da ta daka wa ɗanta tsawa, amma Inna ba za ta yi jayayya da ɗan fari a gaban baƙo ba, ni kuma na mai da kunyarta amincewa. Daga can gidan ban ji motsin kowa ba, sai tabarya da aka daina bugawa.

Na koma Kankia ina yabon kaina. Har na ba abokan aikina labari a ɗakin malamai, ina koya musu yadda ake jera kwalba a kan katanga.

Jarrabawa ta riƙe ni, sai bayan mako uku na dawo. Na iso da sassafe ranar Asabar, sanyi ya sa yatsuna sun ƙage a kan babur. Na shiga ɗakin Inna da sallama, na tarar da ɗumi, ledata tana nan daram, bargo a ninke, ba kowa. Matar ƙanena tana wanke-wanke, ta nuna mini gindin katanga.

A ƙasan katangar nan, kusa da sabon bulon, akwai wuriya, 'yar ƙaramar kafar da ruwan sama yake bi ya fita in damina ta yi. Ko kaza sai ta matse take wucewa. Nan na ga Inna. Ta shimfiɗa buhu a ƙasa mai sanyi, ta kishingiɗa, ta karkata kai wajen ramin, tana magana ƙasa-ƙasa tana tari. Ina tsaye na ga hannu ya ɓullo ta cikin wuriyar, hannun tsohuwa, ya turo murfin kwano da ɗan man kaɗanya a kai. Da shi Gwaggo take murza wa Inna gwiwa kowace safiya, shekara da shekaru. Yanzu sai dai ta turo, Inna ta shafa da kanta.

"Kullum haka suke," in ji matar ƙanena a bayana. "Tun daga asuba har rana ta hito. Na yi magana, ta ce in bar ta."

Wato na toshe iska daga ɗakin uwata, na fitar da ita tsakar gida ta kwanta a cikin iskar. Na durƙusa kusa da ita. Sai na sunkuya na gaida Gwaggo ta ramin da ruwan datti yake bi, da wandon zuwa makaranta da takalmi mai sheƙi. Ta amsa da sakin murya, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ta sa mini albarka. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. A ƙarshe ta ce, "Ka kyauta da ka gyara ma innarka gida. Ɗan nawa ma ya ce in hwaɗa maka, ya ji saƙo."

Ban aika da wani saƙo ba, amma na san bulon nan yake nufi.

Ban jira magini ba. Na aro guduma, na cire riga, na hau bulon nan da duka. Simintin ya kama sosai, don da kaina na tsaya aka zuba shi ba ƙwauro. Tafin hannuna ya yi ƙulu, gumi yana zuba duk da sanyin. Inna ta ja buhunta gefe tana kallona. Bulo na farko ya faɗo, na biyu ya biyo, na leƙa ina jiran in ga tsakar gidan Gwaggo da bishiyar zogalenta.

Bango na gani. Jar ƙasa ce, an gina ta daga ɓangarensu, an yaɓe ta sumul, ta bushe ƙarau. Ɗan Gwaggo ya gina nasa a bayan nawa, kuma ya fi nawa kauri. Wannan ba ni da ikon sa masa guduma.

Na je ta lungu na same shi, na ba shi haƙuri a gaban dattawa biyu. Ya ce ba komai, ya yafe, amma gara kowa ya san iyakar gidansa, kada gobe wani abu ya sake ɓata. Maganata ce ya maido mini.

Da na dawo gida na tarar Inna ta mayar da buhunta bakin wuriya. Na tsaya da guduma a hannu, ɓaraguzan bulo a ƙafata. Ta ɗaga kai, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba, ta ce, "In ka gama, ɗauko mani bargon nan naka guda. Nan za ni zama."