Birkin da Alhaji ya ja

Wannan tafiya an yi ta ne damunar da babbar kwatar Nima, unguwarmu a Accra, ta cika ta shigo mana ɗaki, shekara biyu bayan na daina dafa waake, shinkafa da wake, na sayarwa. Ban yi boko ba, 'yata Rabi ke rubutawa, amma abin da idona ya gani ba na ɓatan lissafinsa.

Ina cikin takabar maigidana Alhaji aka aiko daga zangon Kumasi cewa Yaya Asibi, wadda ta goya ni, tana kwance tana kiran sunana. Mai takaba ba ta tafiya. Na ƙirga kwanakin har suka cika.

Nima, ƙarfe biyar na asuba

Autana Sule ya ce, "Mma, mu hau bas. In kuwa motar Baba ce, bari in kai ta Abossey Okai, kasuwar kayan mota, tukuna, fita mai gyara ya duba."

Na ce a motar mijina zan shiga Kumasi, kuma yau. Tun ranar da Alhaji ya ajiye ta a ƙofar gida ya ja birkin hannu, na hana kowa taɓa ta. Hannunsa ne ya ja, wa zai sauke? Ruwa ya yi ta dukanta. Sule ya sauke birkin da ƙyar, muka yi bisimilla.

Nsawam, shida da rabi

Na sayi burodi biyu, sidi talatin, don Yaya tana son na Nsawam da shayi. Sule ya ce motar ta yi nauyi kamar an ɗaure mata ƙafa, yana ɗaga ƙafarsa daga mai sai ta nemi tsayawa.

Na ce, "Wata huɗu tana zaune, ko ni na tashi sai gwiwa ta yi ƙara. Tuƙa."

Suhum, ƙarfe takwas

A shinge ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Hajiya, me kuke toyawa?" Ni ma na ji ƙaurin tun baya. Ya nuna mana rumfar wani fita, Masta Kwaku.

Masta ya buɗe gaba yana laluben inji. Na ce, "Ɗana, shekara arba'in ina gaban murhu, na san inda wuta take." Na ɗauki butar alwala na bi tayoyin ina yayyafa wa ƙarfensu ruwa. Uku shiru. Na baya ta hagu ta ce cuuu, tururi ya tashi.

Ya yi dariya ya ce, "Ei, Maame, ke ce masta!"

Ya ɗaga motar da jak. Tayar ta ƙi juyawa da hannu. Sai da muka jira ta huce, ya yi ta bubbuga gangar birkin da guduma kafin ta fito. Abin da ke kama tayar a ciki ya ƙone ƙurmus. Ya nuna mini wayar birkin hannu, tsatsa ta cinye ta cikin rigarta: an sauke a gaba, ita ba ta saki a baya ba.

"Kwana nawa aka bar ta a jaye?"

Sule ya sunkuyar da kai. Ni na amsa, "Wata huɗu da kwana goma."

Ya ce motar da za ta daɗe a ajiye, dutse ake sa wa taya. Sababbin kayan sai daga Koforidua aka kawo. Ya ɗaura, ya cire wayar gaba ɗaya, ya juya tayar da yatsa biyu ta yi ta gudu. Ƙarfe ɗaya da rabi muka tashi.

Nkawkaw, ƙarfe uku

Wayar Sule ta yi ƙara. Ya sauka gefen hanya, ya ce, "Na'am," sai salati. Ban tambaye shi ba. Burodin yana kan cinyata.

Kumasi, biyar da kwata

Mun tarar da maza suna dawowa daga maƙabarta, suna wanke ƙafa. Surukarta ta riƙe hannuna ta ce da azahar Yaya ta cika. Tun hantsi take cewa, "Ku ɗora ruwan shayi, ƙanwata tana hanya." Ruwan har ya ƙone sau biyu. Da bas muka hau, da tare muka sha.

Na yi kwana bakwai, aka yi addu'a, muka juyo. Motar ba ta sake ƙauri ba.

Gida

Mun iso Nima da la'asar. Na gode wa Allah, na gode wa Masta Kwaku da bai yi mini gori ba, da Sule da har yau bai ce "na faɗa miki" ba. Cikin 'yan matan da muka taso a zangon Kumasi saura ni da Ladi mai ƙosai ta Maamobi, ita kuma ba ta gani. Motar tana ƙofar gida. Dutsen da ke ƙarƙashin tayarta ni na sa shi da hannuna.