Wa Ya Taɓa Gawarka, Maharazu?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, uku ga watan Zulƙida, wato goma sha uku ga Nuwamba na shekarar 2007, Allah ya karɓi ran ɗan wana, Saje Maharazu Sammani, a yankin Darfur na ƙasar Sudan, inda aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya. Labarin ya iso mana Kadawa washegari ta wayar salula, muna tsakiyar dashen tumatir. Yau kwana goma sha shida ke nan da rasuwar, kuma ba a shimfiɗa tabarma ko ɗaya a ƙofar gidanmu don karɓar gaisuwa ba. Ni na hana. Ni Baballe, baffanka, wanda ya rage babba a gidan. Mutanen gari suna ta maganata a bakin masallaci da wurin mai shayi, to bari in faɗi dalilina da kaina, kai ma ka ji, Maharazu.

Ni ma an taɓa cewa na mutu. A shekara ta biyu ta yaƙin basasa harsashi ya same ni a cinya, aka bar ni a wani ƙauye a hannun mutanen da ko harshensu ba na ji. Wani akawu da bai taɓa ganin fuskata ba ya sa sunana cikin matattu, takarda ta zo gida. Aka yi mini zaman makoki, aka yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Da na dawo bayan yaƙi ina ɗingishi, na tarar matata ta gama takaba ta yi aure, har da goyo. Gonata kuwa ubanka Sammani ya haɗe ta da tasa, kuma da ruwan madatsar Tiga ya zo aka auna filaye, da sunansa aka auna. Ba wanda ya taɓa ce mini in yi haƙuri. Har ubanka ya koma ga Allah ban ci abincin gidansa ba, kuma ba na nadama.

Kai ne kaɗai ka gyara wannan. Shekarar da aka raba gadon ubanka, ka zo da kakinka a jikinka, ka kama hannuna har bakin magudanar ruwa, ka nuna mini eka ɗaya da rabi, wadda ta fi kusa da ruwa, ka ce, "Baffa, wannan taka ce tun kafin a haife ni." 'Yan'uwanka suka yi ta fushi, kai ko a jikinka. Ban yi maka godiya ba a ranar, don a ganina abina ka mayar mini. Yau ina so a sani cewa na gode. Duk hutun da ka zo, kai kake ɗaukata a babur zuwa Kura a duba mini ƙafar nan, ka zauna a layi kamar ba mai igiya uku a hannu ba.

Abu ɗaya ne ya hana mu shiri, shi ne maganar yaƙi. Kai ɗan sashen sadarwa ne, aikinka oba-oba da na'urori. Kakan ce mini yaƙin da na sani ya wuce. Wai yanzu akwai tauraron ɗan'adam da ke hango tukunya a tsakar gida, akwai gilashin da soja zai sa ya ga mutum cikin duhu, akwai abin da za a harbo daga nisan Kano zuwa Zariya ya shiga ta taga. Ka taɓa zuwa da wata 'yar na'ura kamar rediyon aljihu, ka tsaya a gonata, ka karanto mini lambobi, ka ce nan ne inda nake a duniya. Na ce maka ni na san inda nake tun kafin a ƙera ta. Na ce mu mun yi yaƙi da ƙafa da ido, muna jin warin abokin gaba, muna sanin wanda muka kashe da wanda ya kashe namu. Ka yi dariya ka ce, "Baffa, ai shi ya sa kuka mutu da yawa." Na ce kai dai ba soja ba ne, mai gyaran rediyo ne. Maganar da muka rabu a kanta ke nan a watan Rajab.

To, da wayar nan ta zo, aka ce motarku makamin roka ya same ta, ku huɗu, ba wanda ya fita, tambaya ɗaya na yi: wa ya taɓa gawarsa da hannunsa? Aka ce an ga hoton motar daga jirgin sama. Na ce hoto ba ya shaida. Aka ce na'urar da ke jikin motar ta daina nuna alama a daidai wurin, a daidai lokacin. Na ce ƙarfe ne ya mutu, ku kawo mini labarin mutum. Na hana a shimfiɗa tabarma, na hana a daka gumba, na ce wa matarka Ummulkhairi kada ta kuskura ta cire 'yan kunnenta.

Ba zan ɓoye maka abin da hakan ya jawo ba. Mahaifiyarka Mairama ta fito har zaure, abin da ba ta yi ba shekara talatin, ta ce, "Baballe, ka ji tsoron Allah. Fushin da kake yi da Sammani ne za ka huce a kan ɗana? Ka bar ni in yi kukana kamar kowace uwa." Liman ya zo sau biyu. Masu gaisuwa daga Bunkure suka cika mota suka zo, suka same ni zaune a ƙofa da sandata, suka juya.  Ummulkhairi kuwa kullum da safe za ta durƙusa ta ce, "Baba, an kwana lafiya?" sannan ta dube ni, tana jira in gaya mata ko ita matar aure ce ko mai takaba. Wayarka da ka bar mata tana ɗaure a bakin zanenta, da ta yi ƙara sai gidan duka ya tsaya cik. Na ga ramar da take yi. Na sani kuma idan na yi kuskure, ni na rataye ta tsakanin sama da ƙasa kwana goma sha biyar.

Jiya Laraba da hantsi wani soja ya zo, Kofur Hambali, mutumin Dawakin Kudu, wanda kuke sashe ɗaya. An ba shi hutu, ya fara biyowa ta nan kafin ya je gidansu. Na zaunar da shi a zaure, na sa aka kira Mairama da Ummulkhairi suka tsaya bayan ƙofa, na yi masa tambayar da na yi wa kowa.

Ya ce, "Baba, ni nake kan oba-oba a sansani, shi yana mota. Muna magana da shi. Yana karanto mini lambobin inda suke."

Na ce, "Muryarsa ce, ko dai na'ura ce ta ce maka shi ne?"

Ya ce, "Shekara shida ina jin muryar Saje a kunnena. Ya tsaya a tsakiyar lamba, ya ce yana ganin wani siririn hayaƙi daga bayan tudu, ya fara salati. Bai ƙarasa ba."

Na ce, "Su wa suka harba?"

Ya ce, "Ba mu gan su ba. Ko sawunsu ba mu gani ba, Baba. Daga nesa ne ƙwarai."

Na ce, "To ka taɓa shi?"

Yaron nan ya kalli tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Ina cikin waɗanda suka je kwasowa. Ba zan yi maka ƙarya in ce ga wanda shi ne ba. Su huɗun a bargo ɗaya muka ɗauko su, ni na riƙe gefe ɗaya. Mun yi musu salla, mun sa su a kabari ɗaya."

Na yi yaƙi shekara biyu, na binne abokaina da hannuna, amma kowanne na san fuskarsa, na rufe masa ido. Ban taɓa jin yaƙin da za a kashe mutum huɗu da rana tsaka, ba a ga wanda ya kashe ba, ba a kuma gane wanda aka kashe ba. Ka gaya mini haka abin ya koma, na ƙi ji. Har yanzu ban yarda cewa wannan ci gaba ne ba, kuma ba zan yarda ba. Amma na yarda da Hambali, domin ya ji da kunnensa, ya ɗauka da hannunsa, ya kuma ƙi yi mini ƙaryar da za ta sauƙaƙa masa. Kalmar mai gyaran rediyo da na jefe ka da ita, na janye ta gaban kowa. Kana bakin aikinka, kana gaya wa 'yan'uwanka inda kuke, har numfashinka na ƙarshe.

Allah ya jiƙanka, Maharazu, kai da 'yan'uwanka uku da kuke kwance tare. Allah ya karɓi salatin da ka fara, ya cika maka shi, ya haskaka kabarinku, ya sa Aljanna ce makomarku. Allah ya raya Suhaibu da Sumayya da ka bari, ya shirya su. Mairama, Allah ya ba ki haƙurin rashin ɗa, ki yafe mini kwanakin da na tsare miki kukanki. Jama'ar Kadawa, Kura da Bunkure, gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a shimfiɗa tabarmi, ni zan zauna a gaba, duk wanda na kora ya dawo.

Ummulkhairi, 'yata, kullum kina jiran amsa daga bakina. Mijinki ya rasu. Allah ya ba ki ikon jurewa.